Martani: Malam, Lalibela fa?

Na karanta maƙalar da wani malami ya buga, inda ya ce duk ginin coci mai ƙayatarwa fasahar Turawa ce, wai Afirka ba ta san irinsa ba sai da 'yan mishan suka zo. Malam, da alama cocin kwano na Tungan Magajiya ka duba ka yanke wa nahiya guda hukunci.

Je ka Lalibela a Habasha. Coci 11 ne aka sassaƙa daga cikin dutse wajen ƙarni na 12 zuwa na 13, zamanin Sarki Lalibela. Ba tubali, ba siminti: masassaƙa suka fara daga sama suna haƙowa ƙasa, suna fitar da ginshiƙai, tagogi da magudanan ruwa daga dutse ɗaya. Cocin Giyorgis siffar gicciye gare shi, rufinsa daidai da doron ƙasa. Har yau dubban masu ziyara na cika garin kowace 7 ga Janairu, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1978.

Kafin zamanin Sarki Lalibela ma, ai wurin Najashi, sarki Kirista na Habasha, sahabbai suka yi hijira a 615. Malam, ka gyara maƙalarka.