Jariri da Maganin Kemis: A Duba Leɓe

Yau magana ce a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidajenmu: da zarar jariri ya fara gudawa, sai a aika yaro kemis ya sayo Septrin na ruwa, a ɗura masa. Kowa ya zama likita.

Septrin yana cikin dangin magungunan salfa, masu kashe ƙwayoyin cuta. Su da ɗan'uwansu dafson, wanda ake ba masu ciwon kuturta, wani lokaci sukan ɓata sinadarin himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini ya kai wa sassan jiki. In ya ɓaci, huhu yana shaƙar iska, amma jini ba ya iya ɗauka. Babban mutum jikinsa kan gyara wannan ɓarna da kansa. Jariri ɗan ƙasa da wata 4 kuwa, abin gyaran nasa bai wuce kamar rabin na babba ba. Ita ma gudawa mai tsanani takan jawo wannan matsala, ka ga an haɗa masa biyu ke nan. Ga kuma haɗarin shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa, wadda saboda ita likitoci ba su ba jariri Septrin a makonni 6 na farko.

A fatarmu baƙa ba a saurin ganin alamar. Sai uwa ta duba leɓe da harshe da dasashi da farce. In sun yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa shuni, yaro yana haki, ya ƙi nono, to ba sanyi ba ne, ba kuma iska ba ce. A nufi asibiti nan take. A can in an ɗebi jininsa za a gan shi ƙasa-ƙasa kamar koko.

Akwai allurar da ke warware abin, metilin bulu. Sai dai fa ga inda gizo ke saƙar: 'ya'yanmu maza da yawa an haife su da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, kuma su wannan allura tana iya farfasa musu ƙwayoyin jini. Dole likita ya san abin da aka sha kafin ya yanke shawara. Saboda haka kada kunya ko tsoron faɗan nas ya sa a ɓoye kwalbar. A tafi da ita, a faɗi cokali nawa aka ba shi da ranar da aka fara.

Gudawar kuwa, yawancinta ruwan gishiri da sukari da ci gaba da shayarwa take bukata.