Sharhi: Darasin Steyr da NTM ga masu tsara manufar motoci

Duk wanda ya tsaya a bakin gadar Jimeta da hantsi zai ga yadda rayuwar Adamawa ta rataya a kan manyan motoci. Jihar ba ta da layin dogo. Siminti da takin zamani da man fetur a tirela da tanka suke isowa Yola, shanun kasuwar Mubi kuwa a gingimari suke tafiya kudu. Galibin motocin nan tsofaffi ne da suka ci zamaninsu a wata ƙasa kafin a shigo da su. Idan ɗaya ta lalace a hanyar Numan, kuɗin gyaranta a farashin buhun masara yake bayyana.

Shi ya sa ake ta jin kiran gwamnati ta koma kafa masana'antun motoci da kanta. Kiran yana da daɗin ji, amma an taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta zuba hannun jari a kamfanoni shida na harhaɗa motoci. Biyu na ƙananan motoci ne: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas. Huɗu na manya ne: Steyr a Bauchi, NTM mai harhaɗa Fiat a Kano, ANAMMCO mai harhaɗa Mercedes a Enugu, da Leyland a Ibadan. Da lissafin ya fita daidai, da yau direban Jimeta a Bauchi zai sayi sabuwar mota.

Lissafin bai fita ba, kuma dalilin a fili yake. Kusan duk muhimman sassan daga waje ake kawo su, masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka sa wa rai ba ta kammalu ba. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka kuma karya darajar naira a 1986, sai kuɗin sassan ya yi tashin gwauron zabo. Gwamnati ita ce mai jari, ita ce kuma babbar mai saye; ranar da aljihunta ya bushe, kamfanonin suka rasa jari da kasuwa a lokaci guda. Manyan motoci suka fi jin jiki, domin masu sayensu kaɗan ne, kuma ba kasafai ake sayen tirela ba sai da rance. Kafin gwamnatin Obasanjo ta sayar da hannayen jarin, 'yan kasuwa sun riga sun koma ga motocin gwanjo.

Ko Amurka, da ta karɓe mafi yawan hannun jarin General Motors a 2009 don ceto shi, ta gama sayar da kasonta a 2013. Ta shiga ne da niyyar fita.

Sayar da kamfanoni shi kaɗai ma bai zama magani ba. A 2013 aka fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci wanda ya tsauwala haraji kan na waje, sai dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta sassauta shi. Mai jari ba ya gina masana'anta a kan manufar da ke iya sauyawa kafin ya mayar da uwar kuɗinsa.

Wannan jarida na ganin aikin gwamnati uku ne. Ta mayar da tsarin motoci doka mai ɗorewa. Ta samar da rance mai sauƙin sharaɗi ga masu sufuri, domin su iya sayen sababbin motocin da ake harhaɗawa a Legas da Nnewi. Sannan ta zama mai saye da ke biya a kan kari, kamar yadda umarnin shugaban ƙasa na 2017 kan fifita kayan gida ya nufa.

Na ukun nan a hannun ma'aikata yake. Jami'in da ke rubuta takardar sayen bas ko tankar ruwa, da hadimin da ke miƙa ta ga minista, su ne ke zaɓar inda kuɗin zai tafi. Su tuna da direban da ya kwana uku a gefen hanyar Numan yana jiran kayan gyara.