Kafin Ku Biya Kuɗin Tsohon Jirgi, Ku Sa A Kwance Injinsa

Tun da aka buɗe madatsar ruwa ta Shiroro a shekarar 1990, jirgin ruwa ya zama motar ɗaukar amfanin gona ga ƙauyuka da dama na ƙananan hukumomin Shiroro da Munya. Doya da masara da shinkafa da kifi ta ruwa suke bi zuwa kasuwar Zumba, daga nan motoci su kwashe su zuwa Kuta da Gwada da Minna. Haka abin yake a tafkin Kainji tun 1968, ga na Jebba, ga kuma na Zungeru da aka kammala a 2023. Saboda haka sau da yawa ƙungiyar manoma kan tara kuɗi bayan kaka domin ta mallaki jirginta, ta huta da biyan haya. Sabon inji ya fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu, don haka na hannu ake saye. Wannan ba laifi ba ne. Inda ake yin kuskure shi ne wajen dubawa.

Abin da aka saba yi shi ne a duba fenti, a ja igiya, inji ya tashi da ƙara, sai a shiga ciniki. Ra'ayina shi ne, ku jinkirta maganar farashi har sai kun san amsar tambaya guda: wannan inji, hannu da sifana suna kaiwa ga wuraren da ake yi wa hidima a kai a kai, kuma notocinsa suna kwancewa? Injin da ba ya buɗuwa cikin sauƙi ba za a kula da shi ba, ko da kuwa an yi niyya. Za a yi ta cewa sai gobe, har ranar da zai mutu a tsakiyar ruwa da buhuna da mata da yara a ciki.

Ku tafi da bakaniken da zai riƙa gyara muku, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A cire murfin inji, a kwance fulogi duka a gabanku. Fulogin da ya yi baƙi da danshin mai ba babbar matsala ba ce, amma wanda ya fito fes kamar an wanke shi, ko yake da ɗigon ruwa ko tsatsa, yana nuna ruwa na shiga silinda. Idan bakaniken yana da ma'aunin matsi, ya gwada kowace silinda. Bambancin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu alama ce ta ciwo a ciki. Daga nan a kwance ɗan notin ƙasa na akwatin giya, a bar mai kaɗan ya zubo. Idan ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Yawanci zaren koma ko na fatsa ne kan naɗe a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, don haka a cire farfelar ma a duba.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙafar inji, wato sashen ƙasa da ke shiga ruwa. A cikinta famfon ruwa yake, mai 'yar roba da ke tura ruwa sama domin sanyaya inji. Wannan roba takan bushe, ta tsage, kuma ya kamata a sauya ta duk shekara ga jirgin da ke aiki kullum. Ba a kai wa gare ta sai an kwance notocin da suka riƙe ƙafar. To, da yawa daga cikin injinan hannu da ke zuwa mana sun yi aiki a ruwan gishiri, ko a ƙasashen waje ko a gaɓar tekun Legas da Warri da Fatakwal. Gishiri kan sa notin ƙarfe ya manne da jikin inji na alminiyom, har in an matsa masa sai ya karye a ciki. Ku ce a kwance su kafin a biya. Idan mai sayarwa ya ƙi, ko ya ce ai ba a taɓa buɗewa ba, kamar abin yabo ne, to ku san cewa robar ma ba a taɓa sauya ta ba.

Kada kuma ku yarda a tayar muku da inji a kan tudu. Robar famfon ba ta jure gudu babu ruwa, cikin ƙasa da minti ɗaya sai ta ƙone. A sa ƙafar cikin durom cike da ruwa, ko ma dai a kai shi tafki, ku ga ruwa na tsartuwa da ƙarfi daga ƙaramin ramin da ke bayan inji. Matuƙi nagari idonsa ba ya daɗewa bai koma kan wannan tsartuwa ba, musamman inda kainuwa da leda suke toshe mashigar ruwa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane sun soma sha'awar injinan zamani masu ƙarancin shan mai, waɗanda ba a gauraya musu fetur da baƙin mai. Gaskiya ne suna rage kashe kuɗi. Amma manya daga cikinsu na'urar kwamfuta ce ke sarrafa musu mai, kuma in sun samu matsala sai an jona su da wata na'urar kafin a gane inda take. Ku tambayi kanku ko akwai mai wannan na'ura a kusa da tasharku. Idan sai an ɗauko injin an kawo Minna ko an wuce da shi gaba, ribar man ta tafi a kuɗin mota da kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure. A ganina, tsohon inji irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, wanda bakaniken ƙauye ya san kafiretonsa kamar yunwar cikinsa, ya fi dacewa da ƙungiyar da ke nesa da gari. Sai dai a kiyaye gaurin mai. Inda kamfani ya ce kashi 50 da 1, ma'anarsa milimita 400 na man irin wannan inji a cikin lita 20 ta fetur. Man mota bai dace ba, wanda aka juye daga wata mota kuwa ɓarna ce tsagwaronta.

Shi kansa jirgin yana da nasa bincike. Ku soka wuƙa a katakon baya inda ake ɗaura inji. Idan ta nutse, katakon ya ruɓe, kuma inji na iya ɓallewa da shi. Ku duba ko an bar wa matuƙi wurin da zai tsuguna ya ɗaga inji sama, ya cire zare daga farfela, ya sauya fulogi ba tare da an sauke kaya ba. Wasu sukan jera buhuna har jikin inji, su danne tiyon mai, su rufe wurin kwalfe ruwa. Wannan fili na buhu biyu ko uku da ake ƙyashin bari, shi ne wurin aikin matuƙi.

Haɗurran da suka faru a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa a watan Oktoban 2024, da na hanyar kasuwar Zumba a watan Yulin 2025, ba su bar wa kowa uzuri ba. An fi danganta irin waɗannan haɗurra da lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da kututturan itatuwa da ruwa ya rufe. Sai dai jirgin da injinsa ya mutu ba shi da ikon kauce wa kututture, kuma iska kan juya shi ta ba igiyar ruwa gefensa. Rigunan kariya da hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna ta riƙa rabawa, a cikin jirgi da jikin fasinja suke da amfani. A haɗa da filafili biyu, da fulogi, da igiyar tayarwa, da sifana, kullum a cikin jirgi.

Malaman gona, ku taimaka wa ƙungiyoyinku su buɗe littafi tun ranar saye. A rubuta lambar da ke jikin inji, a tabbatar ta dace da ta rasit, domin injin sata yakan zo da lamba a goge. A riƙa rubuta awannin aiki, a sauya man giya bayan kowace awa 100, kuma a cire wani abu daga kuɗin kowace tafiya a ajiye wa ma'aji da sunan gyara, tun kafin a raba riba.