Sharhi: Kafin A Dasa Lambu A Kan Rufi, A Nemi Injiniya

Wasu masu gidaje da otal-otal a manyan biranen ƙasar nan sun fara sha'awar ƙara ɗakuna a jikin tsofaffin gine-ginensu, tare da zuba ƙasa a kan rufin kankare domin shuka ciyawa da furanni. Babu shakka irin wannan lambu yana rage zafi a cikin ɗaki, yana rage kuɗin wutar lantarki, yana kuma ɗaga darajar gida. Sai dai abin da galibi ake mantawa da shi shi ne nauyi.

Ƙasar da ta sha ruwa, idan kaurinta ya kai santimita 30, takan kai rabin tan a kan kowace murabba'in mita ɗaya. Wato rufi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5 zai ɗauki kimanin tan 20, daidai da buhun siminti 400, kuma nauyin yana nan dare da rana. Idan aka ɗora tankin ruwa mai lita 5,000, an ƙara wasu tan 5 ke nan. Yawancin rufin gidajen zama ba a tsara su da wannan lissafi ba.

Don haka aikin injiniyan gini ne ya duba harsashi, da ginshiƙai, da girman rodin da ke cikin kankare, da irin ƙasar wurin. Shi ne kuma zai tsara mahaɗar sabon gini da tsoho, domin sabon yakan zauna sannu a hankali, abin da ke tsaga bango. Haka nan sai an shimfiɗa abin da zai hana ruwa da saiwoyi kaiwa ga rodi, saboda tsatsa tana cin ƙarfinsa ba tare da an lura ba. Magina na dā sun san haka: ba su ɗora ƙasa a kan azara sai sun auna tazarar bango, ba su kuma barin soro babu indararo.

Idan ba a manta ba, mutane 116 ne suka rasu a shekarar 2014 lokacin da masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas, wanda ake yi wa ƙarin hawa, ya rushe. A 2021 kuma bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi, inda fiye da mutane 40 suka mutu.

Tun 1970 aka kafa hukumar COREN domin rajistar injiniyoyi, saboda haka tantance ƙwararre ba abu ne mai wuya ba. Ya kamata bankuna da kamfanonin inshora su riƙa neman lissafin injiniya mai rajista da izinin hukumar tsara birane kafin su saka hannu a irin wannan aiki. Kuɗin injiniya ƙalilan ne idan aka kwatanta da jarin da ke cikin ginin, balle rayukan da ke kwana a ƙarƙashinsa.