Faɗakarwa ga Malamai da Almajirai a kan Mudun da Ake Auna Shugaba

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin sarakuna da talakawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ku sani, ya ku 'yan'uwana malamai da almajirai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ce da wani yaro mai ɗaukar karatu a zaurena ya yi mini. A watan azumin da ya wuce, wani babba cikin masu mulki ya aiko wa malaman unguwarmu shinkafa da sukari da shadda. Ni ma aka kawo mini rabona, na karɓa, iyalina suka dafa muka ci. Ran rufe tafsiri sai wani ɗan'uwanmu ya ce wa jama'a wannan bawan Allah adali ne, ba a taɓa yin irinsa ba, mutane suka ɗauki kabbara. Wanshekare yaron nan ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, ashe adali shi ne mai ba malamai shinkafa? Asibitin unguwa babu magani, da innata ta kwanta sai da muka sayar da akuyarmu." Na buɗe baki zan ba shi jawabi, sai na tuna shinkafar nan tana cikina. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. To, ni na ci ladan, amma askin ba zan yi ba, kuma wannan takarda ita ce jawabin da na kasa ba yaron ran nan.

Cutar da ta kama mu ita ce mun mai da kyauta mudun auna shugaba. Kyauta halin kirki ce in mutum ya yi ta da abin da ya mallaka. Amma abin da ke hannun shugaba na baitulmali ne, akwai rabon maraya a ciki, da na gwauruwa, da na majinyaci. Wanda ya yanka saniyar marayu ya raba wa maƙwabta nama ba a kiransa karimi, kuma wanda ya ci naman ya tashi yana yabonsa a bainar jama'a ya shiga shaidar zur. Magabata sun bar mana ma'aunai waɗanda kowane almajiri zai iya riƙewa, ga huɗu daga cikinsu.

Na farko, ƙofarsa. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan wajiban sarauta, kuma abin da ya yi ta maimaitawa a cikinta shi ne gargaɗi kada sarki ya ɓuya daga talakawansa, domin ta nan ɓarna take shigowa. To, ku duba naku. Matar da aka ƙwace wa gona, ba ta san kowa ba, ba ta da abin ba mai gadi, za ta iya isa gare shi? Ko kuwa ba a ganinsa sai ta bayan baƙin gilashi, jiniya tana korar mutane daga hanya, har ranar da zai dawo neman ƙuri'a?

Na biyu, dukiyarsa kafin ya hau da bayan ya hau. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum ana ce masa Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya komo sai ya ware wani kaso ya ce shi wannan kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kawo masa kome. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi kuwa ya kan sa a rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, in ya ga ƙari mai yawa daga baya sai ya raba ya mayar da kaso baitulmali. Umar ɗan Abdul'azizi, wanda halifancinsa bai kai shekara uku ba, daga 99 zuwa 101 bayan hijira, har kayan adon matarsa Faɗimatu sai da aka mayar baitulmali. Mu kuwa mun san mutum yana zaune gidan haya, ya hau kujera shekara huɗu, ya sauka da gidaje a birane, sa'an nan mu ce Allah ne Ya buɗa masa. Lissafin nan ba ya bukatar ilimin boko. Ku tambayi nawa ne albashinsa, ku dubi abin da ya tara.

Na uku, hukuncinsa a kan nasa. Ɗan Amru ɗan Asi, gwamnan Masar, ya doki wani Bamisre saboda ya tsere masa a sukuwa, yana taƙama da ubansa. Mutumin ya tafi har Madina ya kai kuka. Sayyidina Umar ya kira uba da ɗa, ya miƙa wa Bamisren bulala ya rama a gaban jama'a. Kowane shugaba yana iya ɗaure ɓarawon kaza. In kuna son ku san shi, ku jira ranar da laifi ya faɗo kan ɗansa, ko surukinsa, ko wanda ya kashe masa kuɗi a zaɓe.

Na huɗu, abin da ya ɗora wa talaka da abin da ya sauke masa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, da ya zo lissafa halayen mulkin zalunci, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu sarauta don a sami biyan bukata. Kuma dattawanmu suna tuna shekarar 1979, sa'ad da gwamnatin Kano ta Abubakar Rimi da ta Kaduna ta Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Wannan sauƙi ya shiga gidan wanda bai taɓa ganin gwamna ba, bai kuma durƙusa wa kowa ba kafin ya same shi. Alherin shugaba na gaskiya haka yake, kamar ruwan sama, ba ya tambayar gonar wa ce. Wanda kuwa sai an yi layi a ƙofar gida an yi kirari kafin a samu, sayen baki ne.

In wani ya ce: ai namu ne, yana salla a sahun gaba, ya gina masallaci, ya kai malamai Makka. Sai in ce: sallarsa tasa ce, shi zai ga ladanta, amma zaluncinsa a kanmu yake sauka. Masallaci kuwa a tambaya da kuɗin wa aka gina shi. Batun namu ne kuma, ku tuna Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu. Wajen shekarar 1807, ana tsakiyar jihadi, da ya ga wasu daga cikin jama'arsu sun karkata ga tara dukiya da neman muƙami, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami don masu mulki su san iyakarsu. Waɗanda ya ƙi halinsu 'yan tutarsa ne, tare suka yi yaƙi, bai ce a rufa musu asiri don nasa ne ba. Mu su wa ne da za mu rufa wa wani don buhu guda?

In kuma aka ce wannan magana tada fitina ce, sai in ce ban kira kowa ga tawaye ba, ban kuma halatta zagin shugabanni ba. Nasiha gare su wajibi ce, addu'ar shiriya gare su alheri ce. Abin da nake hanawa shi ne malami ya ɗauki kalmar adali, wadda shari'a ta tsananta a kanta har ga mai shaidar bashi, ya jefa wa mutumin da bai auna ba. Talaka ba shi da littafi, bakin malaminsa yake kallo. In muka ce adali ne, ya ba shi amanar 'ya'yansa shekara huɗu bisa shaidarmu, kuma za a tambaye mu.

Saboda haka, ya ku malamai, wanda bukata ta sa ya karɓa to ya kame bakinsa daga yabo, wanda ya iya ƙin karɓa shi ya fi kuɓuta. Ya ku almajirai, in kun ji an yabi shugaba a majalisi, ku tambaya cikin ladabi: da wane mudu aka auna shi? Ni dai na kira yaron nan na ce masa shi ke da gaskiya, kuma na gaya wa iyalina in an sake aiko da irin wannan saƙo a mayar.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, Ya gafarta mini abin da na riga na ci. Amin. Wassalamu.