Cire Injin Tsohuwar Mota a Garejin Gida: Lissafi Ke Gaba da Ƙarfi

Daga shekarar 1962 zuwa 1980, masana'antar MG da ke garin Abingdon a ƙasar Ingila ta ƙera fiye da rabin miliyan na wata ƙaramar motar ƙawa mai gudu da ake kira MGB. An rufe masana'antar a 1980, amma har yanzu dubban motocin suna hannun masu sha'awarsu a Ingila da Amurka, kuma duk wanda ya daɗe da ita, wata rana sai kulocinta ya cinye. A nan gizo ke saƙa. Akwai wani ƙarfe da aka yi wa walda a gicciye a ƙarƙashin motar, wanda ya hana a zare akwatin giya ta ƙasa. Saboda haka ba a kai wa ga faifan kuloci, mai faɗin inci 8 kacal, sai an ciro injin ɗungurungum.

Wasu na ganin wannan aiki na ƙwararrun makanikai ne, mai mota ba shi da hurumin taɓa shi a gida. Wannan ra'ayi ya yi tsauri da yawa. Injin MGB mai silinda huɗu ne da kafireto biyu, ba kwamfuta a jikinsa, kuma littafin gyaransa ya bayyana kowane mataki dalla-dalla: a zubar da ruwa da baƙin mai, a cire bonet da lagireto, a kwance salansa da farfela da wayoyi. Mutum mai haƙuri, wanda ya yi wa kowace waya alama kuma ya tanadi sifanu na ma'aunin inci, tunda notocin motar ba na milimita ba ne, zai iya wannan duka. Kuma wanda ya taɓa raba inji da giya da hannunsa ya fahimci yadda ƙarfi ke tashi daga fistin ya isa taya, fahimtar da zanen allo ba ya bayarwa.

Sai dai masu wancan ra'ayi suna da gaskiya a wuri guda, wato wajen nauyi. An zuba gangar injin da kansa da baƙin ƙarfe, kuma idan aka haɗa shi da akwatin giya, kamar yadda aka saba ciro su tare, nauyinsu ya doshi kilo 200. Yawanci mai gareji yakan sayo ko ya ari ƙugiyar ɗaga inji mai tayoyi, ya ga an rubuta tan 1 a jikinta, hankalinsa ya kwanta. Alhali kuwa wannan adadi gaskiya ne kawai idan hannun ƙugiyar yana a gajarce. Galibin irin waɗannan ƙugiyoyi suna da ramuka huɗu a hannun, an rubuta kilo 1000 da 750 da 500 da 250. Dalili shi ne dokar nan da ɗalibin kimiyya ya sani tun sakandare: ƙarfin da ke neman kifar da abu daidai yake da nauyi sau nisansa daga madogara. Kayan da ke rataye a nisan mita 1.5 yana wahalar da ƙugiya fiye da wanda ke nisan mita 1 da rabin ninki, ko da yake ba a ƙara masa ko kilo ɗaya ba. To, idan hancin mota ya tilasta a zaro hannun har ramin ƙarshe, ratar da ke tsakanin abin da aka ɗauka da abin da ƙugiya za ta iya ba ta wuce kilo hamsin ba. Mutum ɗaya ya jingina da injin yana leƙen wata waya, an haye iyaka.

Har ila yau, injin ba ya fitowa a miƙe. Dole a karkata shi sosai, gaba ya yi sama, wutsiyar giya ta yi ƙasa, kafin ya kuɓuce daga ramin da yake ciki, kuma kowace karkata tana gusar da cibiyar nauyinsa. Shi ya sa sandar daidaitawa mai zare, wadda ake murzawa a hankali tana matsar da wurin ratayar, ta fi ƙarti uku amfani. Amma rataya sarƙa a azarar rufin gareji, wadda aka yi don ɗaukar rufi kaɗai, ganganci ne tsantsa, komai yawan waɗanda suka yi haka suka sha.

Haka batun jak yake. Dokar Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17, ita ke sa ɗan ƙaramin fistin ya tura mai ya ɗaga babba, har hannu ɗaya ya cira gaban mota. Amma abin da ke riƙe da wannan nauyi a sama bai wuce zoben roba da ɗan bawul ba. Jak na ɗagawa ne. Wanda zai shiga ƙarƙashi ya kwance farfela sai ya fara ɗora motar a kan madogaran ƙarfe, a daɓen siminti mai lebur, ya sa wa tayoyin baya waigi.

Sauran haɗurran ba a ganinsu da ido. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan gareji, don haka a fara cire kan batir na wayar da ke haɗe da jikin mota, a kuma tuna cewa a MGB ta kafin 1967 kan mai alamar tarawa ne aka haɗa da jiki, saɓanin motocin baya-bayan nan. Sinadarin hana daskarewa da ke cikin ruwan lagireto yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi. Tsohon faifan kuloci kuwa yana iya ƙunsar asbestos, wanda sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya, kuma cutar huhun da yake jawowa takan ɗauki shekaru gommai kafin ta bayyana. Baƙar ƙurar da ke cikin murfin kuloci ba a hure ta da iska. Jiƙa ta ake yi, a goge da tsumma, a ƙulle tsumman a leda.