Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Kamar yadda ƙoƙon kai yake kare ƙwaƙwalwar ɗan Adam, haka wani murfin jan ƙarfe yake kare ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana kuma miƙa zafinta ga abin sanyayawa. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya daina liƙe wannan murfi da dalma a samfurin Ivy Bridge, ya koma shafa wani mai da bai kai dalma isar da zafi ba. Daga nan masu tilasta wa na'ura gudun da ya wuce ƙa'ida suka shiga ɓamɓare murfin da reza, suna shafa ruwan ƙarfen galiyam, zafi ya sauka da digiri 10 zuwa 20.

To, amma wannan ba aikin ɗalibin Limawa ba ne. Zamewar reza sau ɗaya ta isa ta kashe na'ura, garanti kuma ya tashi. Shi galiyam yana cin alminiyam, lantarki kuma yana bin sa. A Dutse, inda zafin bazara yakan kai digiri 40, babbar matsala ita ce ƙurar hunturu da ta toshe fanka. A kakkaɓe ta, a sabunta man saman murfi, a bar na'ura ta sha iska. Wannan ya wadatar, kuma ba ya jawo asara.